Shekarar da Ta Ɓace Tsakanin Maraɗi da Katsina: Tsokaci Kan Fassarar Sunayen Azuzuwa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, abin da muka karanta a jami'a ke nan, kuma ba mu taɓa fassara littafi ko guda ba. To amma wani kuskure da muka tafka da hannunmu shi ya sa muka fara karanta fassararrun labarai da wani ido daban, kuma abin da muka gani ya dame mu.

Bara wata makaranta mai zaman kanta a wani garin kan iyaka a jihar Katsina ta ba mu aikin haɗa mata manhajar rajistar ɗalibai. Makarantar tana yawan karɓar yaran da suka fara karatu a Nijar, galibi 'ya'yan 'yan kasuwa da suka taso da iyalansu daga Maraɗi da kewayenta. Takardun yaran na Faransanci ne, akawun makarantar kuwa ba ya jin ko gaisuwa a harshen. Sai muka ce bari mu rage masa wahala: ya zaɓi sunan ajin da ya gani a jikin takarda, manhaja ta gaya masa ajin da za a sa yaro. Muka shiga intanet muka sami jadawali tsaf-tsaf, irin wanda makarantun 'ya'yan jakadu ke wallafawa, Faransanci a hagu, Ingilishi a dama. Muka kwafe shi cikin minti goma muka wuce ga abin da muke ganin ya fi muhimmanci.

Sai ga wata yarinya da takardarta ta nuna ta gama CM1, an ciyar da ita gaba zuwa CM2. Manhajarmu ta ce aji biyar. Mahaifinta bai yi boko ba, kuma a wurinsa abin da kwamfuta ta faɗa ya zauna. Yarinyar ta yi mako uku a aji biyar kafin wata malama da ta yi ƙuruciyarta a Damagaram ta ga takardar, ta ce wannan ai 'yar aji shida ce, wa ya mayar da ita baya? Mu ne. Da malamar ba ta lura ba, da mun cinye wa yarinyar shekara guda ta rayuwarta, mun kuma ɗora wa ubanta kuɗin makarantar shekara guda a banza.

Abin haushin shi ne jadawalin da muka kwafa bai yi ƙarya ba. Ga yadda abin yake. A Faransa firamare shekara biyar ce. Yaro yana shiga CP, wato ajin share fage, a shekarar da zai cika shida, kuma a nan ake koya masa karatu gadan-gadan. Daga nan sai CE1 da CE2, azuzuwan matakin farko, sannan CM1 da CM2, azuzuwan matakin tsakiya. Yana gama CM2 yana da shekara goma zuwa sha ɗaya, sai kwaleji. Idan aka jera waɗannan da na Amurka bisa shekarun haihuwa, CP ya yi daidai da ajinsu na ɗaya, CM2 kuma da na biyar, abin da suke kira fifth grade. Idan aka jera da na Ingila, lissafin ya matsa da ɗaya, domin su yaransu sun riga sun yi Reception da Year 1 kafin su kai shekara shida: CP ya zama Year 2, CM2 ya zama Year 6. Tun daga nan ya kamata mutum ya tsargu. Aji guda, harshe guda da ake fassarawa zuwa cikinsa, amma amsa biyu, biyar ko shida, ya danganta da ko mai fassarar a Landan yake zaune ko a Boston.

Ko wannan jerin ma bai zauna daram ba. Faransa tana haɗa yara a aji bisa shekarar kalanda, daga Janairu zuwa Disamba. Ingila tana yanka nata daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta. Ɗauki yara biyu da suka shiga CP tare a Satumban 2024, ɗaya haihuwar Janairun 2018, ɗaya haihuwar Disamban 2018. Benci ɗaya suke a Faransa. Da a Ingila ne, na farkon yana Year 2, na biyun yana Year 1. Ashe layin da ya ce CP daidai yake da Year 2 gaskiya ne ga wajen kashi biyu cikin uku na ajin kawai.

Duk wannan bai ma taɓo yarinyarmu ba tukuna, domin ita ba a Faransa ta yi karatu ba. A Nijar firamare shekara shida ce, kuma ajin farko ba CP ba ne, sunansa CI, ajin gabatarwa. CP shi ne na biyu. Haka tsarin yake a Senegal da Jamhuriyar Benin. A Burkina Faso da Kodebuwa da Togo da Cadi an raba CP gida biyu, CP1 da CP2, lissafin dai shida ne. A ɓangaren Kamaru mai amfani da Faransanci ajin farkon sunansa SIL, kuma cikakken sunan ya tona asirin dalilin ƙarin shekarar: sashe ne na gabatar da yaro ga harshe. Yaron Faris yana zuwa makaranta da Faransanci a bakinsa, tun a gida ya sha shi. Yaron Tasawa yana zuwa da Hausa, na Doso da Zabarmanci, sai an kashe shekara guda ana sa masa baƙon harshe a kunne kafin a ce ya fara abin da takwaransa ya fara tun ranar farko. Wannan shekarar ita ce jadawalinmu bai san da ita ba. Masu sana'armu suna da suna ga irin wannan kuskure, na ƙirgen da ya gota da ɗaya, kuma yana cikin kurakuran da suka fi kunyata mu, don kullum sai an gama aiki ana murna yake fitowa. Sai dai wannan karon ɗayan da ya gota tarihin mulkin mallaka ne sukutum.

To ina adabi ya shigo? Bayan wannan abin da 'yan makonni, wani abokinmu a zauren marubuta ya turo mana gajeren labari da ya mayar Hausa. Asalinsa wani matashi ɗan Nijar ne ya rubuta da Faransanci, abokin namu kuwa ba ya jin Faransanci, sai ya sa manhajar fassara ta juya masa shi zuwa Ingilishi, shi kuma ya ɗauko daga nan. Hausarsa ta yi daɗi, ba mu da ta cewa. Labarin wata yarinya ce da mahaifinta ya yi alkawarin aurar da ita da zarar an rufe makaranta, malaminta kuma yana ta zarya gidansu yana roƙon a bar ta ta zauna jarrabawa. A fassarar an ce yarinyar tana aji biyar. Muna karantawa muka ji wani abu bai haɗu ba. Wace jarrabawa ce a aji biyar da har malami zai zubar da girmansa a zaure saboda ita? Me ya sa kowa a labarin yake magana kamar wannan ce shekarar ƙarshe? Muka nemi asalin, sai ga CM2. Manhaja ta ce fifth grade, abokinmu ya ce aji biyar, kowannensu ya yi aikinsa daidai, labarin kuma ya mutu a tsakaninsu. Duk tashin hankalin da marubucin ya gina ya dogara ne kan cewa wannan ajin mararraba ce: ko ta sami takardar kammala firamare, wadda ’yan Nijar suka sani da CFEPD, ta wuce kwaleji, ko kuma karatu ya ƙare ke nan. Mai karatu a Kano da aka ce masa aji biyar zai ɗauka akwai sauran shekara, sai ya ga malamin kamar mai azarɓaɓi.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne Hausa tana da abin da ake bukata a hannu. Duk wanda ya yi firamare a Nijeriya ya san nauyin aji shida, ya san darasin yamma da fargabar jarrabawar shiga sakandare, ya kuma san 'yan ajinsu nawa ne ba a sake ganinsu da yunifom ba daga wannan shekarar. Tsakanin CM2 na Maraɗi da aji shida na Katsina kusan babu tazara, a ƙirge da kuma a ma'ana. Ingilishin Amurka ne ya shiga tsakani ya raba su. Tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba, sai da aka bi da ita ta ƙetaren teku, ta dawo da rauni. Da ta Ingila aka bi, da an sami Year 6, an ce aji shida, an dace, amma faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Shida na Ingila ya fito ne daga fara makaranta da wuri, shida na Nijar daga ƙarin shekarar koyon harshe.

Ba a kan iyakarmu kaɗai matsalar take ba. Ko cikin adabin Faransa kansa sunan aji yakan ɗauki kaya mai nauyi. Misalin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Albert Camus. An haife shi a Aljeriya a 1913, mahaifinsa ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya kafin ya cika shekara guda, mahaifiyarsa ba ta iya karatu ba kuma ba ta ji sosai, aikatau take yi, kakarsa ce ke riƙe da gidan a unguwar talakawa ta Belcourt a birnin Aljiyas. Malaminsa na CM2, Louis Germain, shi ya zaɓe shi cikin 'yan yara kaɗan ya riƙa yi musu darasi kyauta bayan an tashi, ya kuma taka har gida ya shawo kan kakar, wadda ke so yaron ya fita neman kuɗi, ta bar shi ya zauna jarrabawar tallafin karatu ta shiga babbar makaranta. Da Camus ya sami kyautar Nobel a 1957, wannan malamin yana cikin mutanen farko da ya rubuta wa wasiƙar godiya. Labarin yana cikin littafinsa Le Premier Homme, wanda aka tsinci rubutunsa bai kammala ba a wurin haɗarin motar da ya kashe shi a Janairun 1960, 'yarsa ta fitar da shi a 1994. A littafin malamin ya koma Malam Bernard.

Abin lura a nan shi ne, a zamanin ƙuruciyar Camus Faransa tana da tsani biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai firamaren gwamnati ta kyauta, wadda dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 suka kafa suka kuma wajabta karatu, inda azuzuwa ke da sunayen nan na matakin farko da matakin tsakiya, kuma yawancin yaranta a takardar kammala firamare suke tsayawa. Akwai kuma ƙananan azuzuwa a cikin manyan makarantun sakandare, na biyan kuɗi, na 'ya'yan masu hali, waɗanda ake ƙirgawa daga sama zuwa ƙasa: na sha ɗaya, na goma, na tara, na takwas, na bakwai. Yaro mai shekara goma, idan ɗan mai wanki ne yana CM2, idan ɗan lauya ne yana aji na bakwai, septième, kuma shi babu wata mararraba a gabansa, daga bakwai sai shida, ƙofa a buɗe. Marubucin Faransa na wancan zamani da ya ce yaro yana septième ya riga ya gaya wa mai karatunsa irin gidan da yaron ya fito, ba tare da ya ambaci kuɗi ba. Jadawali zai zuba su biyun a rami ɗaya, fifth grade. Shekarun sun yi daidai, amma abin da ya sa Malam Bernard ya hau matakalar gidan su yaron ya tafi. Waɗannan ƙananan azuzuwan sun daɗe har bayan Yaƙin Duniya na Biyu kafin su shuɗe, kuma irin wannan ƙirgen ne har yau sakandaren Faransa take bi, tana farawa da aji na shida tana saukowa, abin da za mu dawo kansa.

Akwai wani zato kuma da ke kwance a ƙarƙashin kowane jadawali irin wannan, cewa aji da shekarun haihuwa tafiyarsu ɗaya. Wanda ya karanta L'Enfant noir na Camara Laye, wanda ya fito a 1953, James Kirkup ya mayar da shi Ingilishi, mutanenmu da yawa suka san shi da The African Child, zai tuna babin makarantar garin Kurusa a ƙasar Gini. Manyan ɗalibai na ajin ƙarshe ne ke tsare ƙanana su share ganyen da ya zuba a filin makaranta, suna dukansu, suna karɓe musu abinci, har ta kai mahaifin Laye ya je makarantar da kansa ya yi fito-na-fito da hedimasta. Mu da muka yi makarantar ƙauye ba mu bukatar a yi mana bayanin su wane ne waɗannan. Mun zauna da su: wanda aka sa makaranta a makare, wanda ya maimaita aji sau biyu, ƙato da muryarsa ta fara buɗewa yana benci ɗaya da ɗan shekara sha ɗaya. Tsarin Faransa da na ƙasashen da ta raina sun daɗe da al'adar sa yaro ya maimaita aji, a Ingila kuwa abu ne da ba a cika yi ba, yaro da sa'o'insa yake tafiya. Duk wanda ya lanƙaya wa waɗannan manyan ɗaliban lambar aji irin ta Ingila ko Amurka ya mayar da su yara 'yan shekara goma a idon mai karatu, zaluncin nasu ya koma rigimar wasa, fushin uban kuma ya zama wuce gona da iri.

Za a ce mana, to ai fassara dama haka take, dole a kawo baƙo gida a sa masa kayan gida. Wannan hujja ce mai ƙarfi kuma ba mu raina ta ba. Tun 1813 Friedrich Schleiermacher ya bayyana a wata lacca a Berlin cewa hanyoyi biyu ne a gaban mai fassara, ko ya ɗauki mai karatu ya kai shi wurin marubuci, ko ya ɗauko marubuci ya kawo wa mai karatu. Mu Hausawa ma ta biyun muka fi sabawa da ita, kuma da ita aka yi mana ɗaya daga cikin littattafan da muka fi so. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da wasu wurare ya zuba su a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya sa musu rawani da babbar riga har ba mai gane baƙi ne. A Turai ma Anthea Bell, da ta fassara labaran Le Petit Nicolas na Goscinny da Sempé, ta sauya wa yaran ajin sunaye gaba ɗaya, Alceste mai ci ya koma Alec, Agnan ɗan gaban goshin malama ya koma Cuthbert, kuma ba mu ga laifinta ba, dariyar ta tsallaka lafiya.

Amma a duba abin da waɗannan biyun suka yi. Sun kwashe gidan ne kacokan suka sake gina shi a sabon wuri, komai ya dace da komai. Sannan a labaran Nicolas babu abin da ya rataya kan ko yaran suna aji kaza, barkwancin filin wasa ne da za a iya yi a kowace makaranta. Abin da muke suka daban ne: a bar labari a Damagaram, a bar sunayen mutane da na unguwanni da kuɗin sefa, sannan a ɗauko lambar aji ɗaya tak daga tsarin wata ƙasa ta uku a dasa a tsakiya. Wannan ba hausantarwa ba ce, kuma ba riƙon amanar asali ba ce. Sakaci ne da ya yi kama da ƙwarewa, domin lamba tana da kwarjini, mai karatu ba ya tuhumar ta.

Akwai masu gudun wannan su bar CM2 yadda yake, tsirara. Ga mai karatu a Yamai ko Tawa wannan ya wadatar. Ga na Zariya kuwa haruffa biyu ne da lamba, kamar lambar mota. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wasu sukan ƙara bayani a ƙasan shafi, wanda a littafin takarda yana da amfani, amma yawancinmu a waya muke karatu yanzu, babu shafi balle ƙasansa, kuma ba wanda zai gangara ƙarshen labari ya nemo bayani sannan ya hauro ya nemi inda ya tsaya. A ganinmu mafita tana cikin jimlar kanta. Mai fassara ya tambayi kansa aikin da sunan ajin yake yi a wannan wurin. In shekarun yaro kawai marubuci yake son nunawa, a faɗi shekarun ko a ba da aji mafi kusa, a wuce. In mararrabar ce, a ce ajin ƙarshe na firamare, ajin jarrabawa. In kuma bakin wani ne ke magana a labarin, yarinya tana gaya wa kakarta inda ta kai, a bar mata CM2 ɗinta, domin haka za ta faɗa ko da Hausa take magana, sai mai ba da labari ya sako kalma uku a gefe da za su nuna shi ne na ƙarshe. Ba ya cin layi guda.

Kada kuma mu ɗauka namu ƙirgen tsayayye ne. Dattijon da ya ce mana ya gama aji huɗu a shekarun 1940 yana nufin ya kammala elementare, mataki ne cikakke da ake shiga midil daga shi, wasu ma da shi suka kama aiki a En'e. Iyayenmu da yawa aji bakwai suka yi, kafin firamare ta koma shekara shida a zamanin shirin ilimi kyauta na 1976. Wanda zai mayar da tarihin rayuwar irin waɗannan mutane zuwa Faransanci ya ce aji huɗu CE2 ne ko CM1, ya yi musu irin ɓarnar da muke kuka da ita. Hukumar UNESCO ma da ta so kwatanta tsarin ilimin ƙasashe, ma'aunin da ta fitar a shekarun 1970 ta sabunta a 1997 da 2011, wanda ake kira ISCED, matakai ta jera, firamare gaba ɗaya mataki na ɗaya, ƙaramar sakandare na biyu. Ba ta ce ajin wane daidai yake da ajin wane ba.

Maganar ta wuce ta 'yan zauren marubuta yanzu. A Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ko me mutum yake gani game da siyasar abin, yana nufin takardu da littattafai masu yawa za su bukaci komawa Hausa daga Faransanci, kuma masu karanta su ba za su tsaya a Nijar ba. Wace Hausa za a yi amfani da ita? A can makarantar boko lakwal ce, malaminta kuma mushe, daga kalmar girmamawa ta Faransanci. Ranar da muka fara jin wani ɗan Maraɗi ya ce mahaifinsa mushe ne sai da muka riƙe baki, don a wurinmu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Muna fatan masu fassara ba za su goge irin waɗannan kalmomi don su faranta wa Kano rai ba, su ne ƙanshin wurin. Abin da muke roƙo kawai shi ne aikin ya riƙa tafiya kai tsaye daga Faransanci zuwa Hausa, a hannun mutanen da suka zauna a waɗannan azuzuwan, ko aƙalla a nuna wa ɗayansu kafin a saki. Manhajojin fassara da ake dogaro da su sun koyi aikinsu ne daga tarin rubutun da ya fi yawa a intanet, kuma a wannan tarin CM2 na Faransa ne, Ingilishin kuma na Amurka. Mun san haka domin irin aikinmu ne. Ba za su tambaye ka a wace ƙasa yarinyar take ba.

Mu dai mun koma mun warware manhajarmu. Yanzu ba ta karɓar sunan aji shi kaɗai, sai an faɗi ƙasar da aka yi karatun, kuma tana ajiye asalin sunan kusa da abin da ta ba da shawara, don wanda ya fi ta sani ya iya musanta ta. Mun kuma fahimci cewa daga firamare zuwa sama babu amsa ɗaya ko an so. Kwaleji a Nijar shekara huɗu ce, ƙaramar sakandarenmu uku. Ajin ƙarshe na kwaleji, troisième, inda ake zana jarrabawar BEPC, shekara ta goma ce a ƙirge, wato daidai da ajin farko na babbar sakandare a Nijeriya, amma a aiki shi ne takwaran aji uku na ƙaramar sakandare, inda mu ma muke da jarrabawar fita. A nan sai muka sa manhajar ta nuna duka biyun ta bar wa shugaban makaranta hukunci.

Mako biyu da miƙa gyaran, akawun ya kira mu a waya yana cewa manhajar ta sake rikicewa. An kawo wani yaro daga Birnin Ƙwanni, takardarsa ta ce 6e, shi kuma ya ga shida ƙuru-ƙuru, amma kwamfuta ta nace wai aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ya ce ya riga ya gyara da hannu, ya tura yaron aji shida na firamare, yana so ne kawai mu san akwai matsala. Muka ce masa ya je ya fito da yaron tukuna, sannan ya dawo mu yi masa bayanin yadda Faransawa ke ƙirga sakandare daga shida zuwa ɗaya.